Sunana a Tsibirin Ruhubanawa

Ko tsufa zai cinye hankalina har in ɓata a hanyar gidana, ba na jin zan manta da abin da ya same ni a wani tsibiri na ƙasar Habasha. Shekaru sun ja, yarinyar da na yaye a waccan shekarar yanzu ta fi ni tsawo, amma har yau in aka ƙwala kiran sunana daga nesa sai gabana ya faɗi kafin in waiwaya.

Ni ɗiyar fari ce. Duk wanda ya tashi a wajenmu, tsakanin Gazawa da Cadawa, ya san abin da hakan ke nufi ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna wa mutane ya san da zamansa. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Cadawa, can na girma, can na yi lakol, wato makarantar boko. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Gazawa. In na zo hutu na durƙusa na gaishe shi, sai ya dubi katanga ya amsa, ka ce katangar ce ta yi gaisuwar. Sunana a bakinsa “waccan”. In buƙata ta ƙure shi ya ce “ke”. Ƙannena kuwa yana kiransu ɗaya bayan ɗaya har da laƙabi, ya ɗora su a amalanke su tafi gona suna ta surutu. Ni fa Allah ya yi ni da baki, ba a taka ni in yi shiru, har a buro, wato ofishinmu, ana cewa in ana neman rigima a turo ni. Amma a gaban wannan tsoho harshena mutuwa yake yi murus.

Kada a ɗauka ƙiyayya ce. Na san ba ita ba ce. Duk kaka, damin gero na farko gidana ake kawowa, a ce in ji Malam a kai wa waccan. Sai dai ita zuciya ba ta jin dalili. Tun ina ƙarama nake da wani buri da ban taɓa faɗa wa ko uwata ba: in ji yadda sunana yake a bakin ubana, ko da sau ɗaya ne.

Aikina malamar gona ce, a wani furoje, shirin raya karkara da ke bin manoma kan sassaben zamani, wato a bar tohon gawo da kalgo da sabara a gona, a rage musu rassa su zama itace, maimakon a sare a ƙone. Mahaifina na cikin waɗanda suka fara, tun ana yi musu dariya ana cewa gonar malalaci. Da abin ya karɓu, sai aka ce ana son wasu manoma su je Habasha su yi hira da manoman can. Aka zaɓe shi, aka zaɓi wani amininsa, tsoho mutumin Gidan Sori wanda nake ce wa Kawu, da wasu 'yan kaɗan. Ni kuma aka sa ni tafinta, don babu mai jin Faransanci a cikinsu. Da aka gaya wa mahaifina da wa zai yi tafiyar, sai ya ce, “Duk buro ɗin ba su da kowa sai waccan?” Uwata ce ta ba ni labarin tana dariya. Sannan ta ja ni gefe, dariyar ta ɗauke, ta ce, “Ki sa mishi ido. Kwanan nan ƙafafunsa na kumbura, in ya yi 'yar tafiya sai haki. Kin san shi, ba zai faɗa ba.”

To, yaya za ki sa wa mutum ido alhali bai yarda ku haɗa ido ba? Tun daga Yamai, Kawu ne tsaninmu. Muna jere a cikin jirgin sama, kafaɗa na gogar kafaɗa, sai in ce, “Kawu, tambayi Baba ko ya sha maganinsa.” Kawu ya juya ya ce, “Malam, ɗiyarka na tambaya.” Shi kuma ya ce, “Gaya mata na sha.” Kawu ya gaji ya ce, “Kai, ku dai kun mayar da ni gidan waya, ga shi ba ko goron aike.” Muka yi dariya mu duka, har shi mahaifina, amma fuskarsa na wajen taga.

Aikin da ya kai mu ya tafi daidai. Ana gab da dawowa, masu masaukinmu suka ce ba za mu bar ƙasarsu ba sai mun ga tsibiran tafkin Tana, inda tsofaffin majami'unsu suke a cikin kurmin da ba a sara. Wasu daga cikinmu suka fara gunaguni, me zai kai Musulmi coci? Mahaifina da ba ya yawan magana ya ce, “Ƙasar da sarkinta ya ba sahabban Manzon Allah mafaka lokacin da danginsu ke korarsu, ita ce za mu ƙyamaci ɗakin bautarta? Gani za mu yi, ba sujada ba.” Daga nan maganar ta mutu.

Da safe muka shiga jirgin ruwa mai inji. Mu da ruwanmu bai wuce tabkin damina da gulbin da ke ƙafewa tun ba a gama sussuka ba, sai ga mu a tsakiyar ruwan da ba a hango ƙarshensa, launinsa kamar kunun da aka tsinka. Masunta na wucewa a wasu 'yan kwale-kwale na ciyawa da aka ɗaure kamar dami, ruwa na lasar cinyarsu, ko a jikinsu. Can aka nuna mana kan dorina ya ɓullo ya nutse. Kawu ya ƙanƙame katakon da yake zaune a kai, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanto ta, har da ta shiga kasuwa.

Inda muka fara sauka, ana barin mata su shiga. Muka bi wata siririyar hanya a ƙarƙashin itatuwa masu duhu, sanyi na ratsa mayafina da rana tsaka, har muka fito gaban majami'ar. Zagayayya ce kamar rumbu, sai dai rumbun da zai haɗiye masallacin unguwarmu. Aka ce mu cire takalma, kamar dai yadda muke yi. Ƙofofinta kowace daga gungumen itace guda aka sassaƙo ta, tsayinta ya fi na mutum biyu. Ciki duhu-duhu, ga ƙamshin turaren wuta da warin tsohuwar fata da kashin jemage. Da idona ya saba da duhun sai na ja da baya, domin bangon daga ƙasa har rufi zane ne, fuskoki masu manyan idanu waɗanda duk inda kika matsa suna binki. Ga mahayin farin doki ya soke wani maciji da mashi. Ga waɗanda ake fille wa kai, jini na tsartuwa. Ga wasu a cikin wuta, baƙaƙen halittu na taunarsu. Na rasa ko tsoro nake ji ko mamaki.

Ɗan jagoranmu, wani mai jin Faransanci, ya ce an kafa waɗannan wurare tun ɗaruruwan shekaru, wato tun kafin kakannin kakanninmu su baro Katsina. Masu tsaronsu ruhubanawa ne, mazan da suka bar duniya, ba aure, ba gida, ba gado, sai azumi da bauta har su mutu a nan. Ɗaya daga cikinsu, sanye da mayafi ruwan ɗorawa, ya fito da wani littafi na fatar akuya a naɗe cikin ƙyalle, ya buɗe shi a hankali kamar yadda malamanmu ke zaro Alƙur'ani daga gafaka. A waje kuma ya nuna mana wasu dogayen duwatsu da aka rataye, ya buga ɗaya, sai ga ƙara kamar ta ƙarfe. Da ita suke kiran ibada. Ina fassara wa mutanenmu, ina satar kallon mahaifina. Ya daɗe tsaye gaban zanen 'yan wutar nan, sannan ya ce wa Kawu a hankali, “Ashe su ma suna tsoronta.” Ya fita waje ya dafa wani ƙaton itace. Kowa ya ɗauka sha'awarsa yake yi. Ni kaɗai na lura jingina ya yi, leɓunansa kuma sun yi fari kamar ya lashi toka.

Da muka koma jirgi, ɗan jagora ya ce saura wanda ya fi duka tsufa. Tsibiri ne mai tudu, a can ƙololuwa majami'ar take, tare da ƙasusuwan wasu sarakunansu na da, da itatuwan da gatari bai taɓa hawa kansu ba tun da aka kafa wurin. Sai ya dube ni yana susar ƙeya ya ce, amma Madam sai dai ta jira a bakin ruwa, domin mace ba ta ƙetare ƙofar tsibirin. Ba mutum kaɗai ba, ko dabba mace ba a kiwo a can, ko kaza. Nan take raina ya ɓaci. Na ce, “Ko kaza? To su uwayen da suka haife su maza ne?” Ya yi dariya ya ce haka ya taras, haka kakansa ya taras. Kawu ya tambayi abin da ake cewa, na fassara masa, ya ce, “Ɗiyata, in kin je gari kin tarar kowa da wutsiya, nemi igiya ki ɗaura.” Na ja tsaki.

Muka isa. Wurin saukar 'yan duwatsu ne da aka jera a bakin ruwa, daga nan hanya ta miƙe sama ta shige wata gajeriyar ƙofar dutse, ta ɓace cikin kurmi. Ina ganin tsayin tudun na tuna maganar uwata. A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsallake Kawu na yi wa mahaifina magana kai tsaye. Na ce, “Baba, hawan nan da nisa. Ka zauna mu jira su tare.” Bai dube ni ba. Ya dubi ruwa, ya dubi ɗan jirgin da za mu zauna a ciki mu biyu, daga ni sai shi sai matuƙin da ba ya jin Hausa. Sannan ya ce wa Kawu, “Gaya mata ban keto duniya don in zauna a bakin ruwa ba. Itacen da gatari bai taɓa ba, in ban gan shi yau ba sai yaushe?”

Na sha juya wannan magana a raina. Gaskiya ne yana son itace kamar ransa. Amma na san mahaifina ya san jikinsa, kuma da wani ne zai rage a jirgin ba ni ba, na tabbata da ya zauna ya huta. Hawan tudu da ciwon ƙirji ya fi masa sauƙi a kan ya zauna gaba da gaba da ɗiyarsa ta fari, ba mai shiga tsakani.

Ya cire jakar da yake ratayawa, mai ɗauke da sallayarsa da carbi, ya miƙa wa Kawu ya ce, “Ba ta ta riƙe.” Kawu ya miƙo mini, alhali tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba. Suka shige ƙofar. Abin da na gani na ƙarshe shi ne bayan shuɗiyar rigarsa, ya tsaya ya dafa gwiwa, ya sake ɗagawa ya bi sahu.

Na zauna jira. Matuƙin ya rufe fuska da hula ya kama barci. Ba ka jin komai sai ruwa na dukan duwatsu da kukan wasu tsuntsaye da ban san su ba. Azahar ta yi, na yi alwala da ruwan tafkin, na shimfiɗa sallayar mahaifina a kan dutse na yi salla. Ina zaune ban ko naɗe ta ba, sai na ji an kira sunana.

Daga cikin kurmin kiran ya fito. Muryar namiji ce wadda ban sani ba, amma an ja sunan daidai yadda mutanen ƙauyenmu ke jan ƙarshensa. Kakata ta raine ni a kan cewa ba a amsa kira a daji in ba ka ga mai kiran ba, don ba kowane mai kira ne mutum ba. Ga ni a tsibirin da ba na jin yaren kowa, bayan na gama kallon idanun bango. Na kama a'uziyya, na ƙi amsawa. Aka sake kira. Aka kuma sakewa, muryar na matsowa, tana sarƙewa da haki. Sai ga wani ruhubani ya faɗo daga cikin itatuwa a guje, ramamme, ba takalmi, babban yatsan ƙafarsa na zubar da jini. Ya tsaya a bakin ƙofar dutsen, ya dube ni, ya sake faɗin sunan kamar mai tambaya. Na dafa ƙirjina. Sai ya nuna sama, ya dafe nasa ƙirjin, ya langaɓar da kai, ya shiga maimaita sunan a hankali da muryar mai jin jiki, yana kwaikwayon wanda ya ji yana faɗa.

Wa ya san sunana a kan tudun nan da zai kira shi? Kawu “ɗiyata” yake ce mini. Sauran manoman “Malama” suke cewa. Ɗan jagora “Madam”. Mutum ɗaya ne ya rage, wanda ya raɗa mini sunan da kansa, bai kuma sake furta shi ba.

Ban san lokacin da na kai ƙofar ba. Ruhubanin ya buɗe hannuwansa ya tare ta. Wayyo, abin da na faɗa wa bawan Allahn nan a ranar, da yana jin Hausa da bai yafe mini ba. Na yi masa da Hausa, na yi da Faransanci. Na ce ubana ne, ubana ne ke kirana! Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka ba ni hanya ko in bi ta kanka! Kuma da zan iya, domin ni mace ce mai jiki, shi ko kamar karan dawa, turi ɗaya ya ishe shi. Da ya ga na yo kansa, bai ɗaga mini hannu ba. Durƙusawa ya yi a kan dokin ƙofar, hawaye na bin gemunsa, ya ɗora hannuwa a kafaɗa yana nuna mini ana ɗauko shi, ana saukowa da shi. Sannan ya kifa goshinsa a ƙasa, a daidai inda zan taka.

Na kasa tsallake kan dattijo. Har gobe ina tambayar kaina ko da na tsallake, ban kuma samu amsar da ta kwantar mini da rai ba. Abin da na iya kawai, na riƙe dutsen ƙofar da hannu biyu, na ɗaga kai sama wajen kurmin, na buɗe murya iya ƙarfina. “Na'am, Baba! Na'am! Ga ni nan!” Na yi ta amsawa, na yi ta amsawa, har muryata ta dushe ta koma kamar ta tsohon zakara.

Can na hango su suna saukowa. Tafiyarsu ce ta gaya mini kafin kowa ya buɗe baki, domin masu ɗauke da majinyaci sauri suke yi, waɗannan kuwa a hankali suke takowa. Ruhubanawa huɗu, tsofaffi, sun ɗauko wani gadon katako mai saƙar fata a kafaɗa. Mutanenmu na biye, Kawu ba hula a kansa. An lulluɓe wanda ke kan gadon da farin mayafin auduga har fuska. Wanda ya tare ni ya tashi ya kauce. Suka fito da gadon ta ƙofar, suka ajiye shi a gabana, suka ja da baya can gefe suka sunkuyar da kai. Kawu ya ce, “Ɗiyata, sai haƙuri. Malam ya riga mu gidan gaskiya.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na durƙusa na yaye mayafin. Wallahi ranar ce na fara kallon fuskar mahaifina sosai, ba a sace ba, ba wanda ya kawar da kai. Ashe goshina nasa ne. Ashe yana da wani ɗan tabo a gefen ido wanda ban taɓa sanin da shi ba. Na shafa fuskar, da sauran ɗumi a jikinta, sai na ji wani kuka ya taso mini tun daga ƙasan ciki, irin wanda ban yi ba ko ranar da kakata ta rasu.

A cikin jirgi, gawar na tsakiyarmu, Kawu ya ba ni labari. Ya ce sun kai sama da ƙyar. Sun ga majami'ar, baƙa ƙirin don tsufa, sun ga itatuwan da mutum uku ba sa zagaye gindinsu da hannu. Mahaifina ya bi su yana shafawa, sannan ya zauna a gindin ɗaya ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Suka kwantar da shi. Ruhubanawa suka kawo ruwa ya kurɓa. Kawu ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa tiryan-tiryan. Daga nan sai ya kama kiran wani suna. Kawu ya ce, “Tun muna samari nake tare da shi, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, har na ce, Malam, wa kake kira? Ya ce, ɗiyata ta fari, a kira mini ita.” Ruhubanin nan ya yi tambaya da hannu, Kawu ya nuna masa ƙasa wajen ruwa, shi ke nan ya zura a guje da sunan a bakinsa. Shugabansu kuma, da ɗan jagora ya gaya masa wadda ake kira mace ce, sai ya sa aka ɗauko gadon da yake kwana a kai. Ya ce tunda ita ba za ta hau ba, shi a kai mata shi.

Kawu ya ce suna tsakiyar gangara muryata ta ratso itatuwa. Ya ce mahaifina ya buɗe ido ya ce, “Ta amsa.” Kafin su sha kwana ta gaba rai ya yi halinsa. Ban sani ba ko haka aka yi, ko Kawu rarrashina yake yi. Ban sake tambayarsa ba har ya rasu, don ina tsoron amsar.

Musulmin garin da ke bakin tafkin ne suka karɓe mu. Ba mu san su ba, ba su san mu ba, suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, suka rufe shi a maƙabartarsu. Farin mayafin nan na so in aika a mayar wa masu shi, ɗan jagora ya ce ba za su karɓa ba, na shugabansu ne, ya ce a bar wa ɗiyar. Na dawo Gazawa da jakar mahaifina da mayafin wani mutum da ban san sunansa ba. Da na shiga gida, uwata ta dubi bayana ta ga ba kowa, ko da yake labari ya riga ni, ta zauna a ƙasa ta ce, “Ashe can aka ɗebi ƙasarsa.”

Na daɗe ina jin haushin ruhubanawan nan. Duk wanda ya zo gaisuwa sai na ba shi labarin ƙofar dutse, in yi ta tsine mata, in ce ita ta raba ni da ubana. Wata rana, uwata na cikin takaba, na sake ɗauko zancen, sai ta katse ni. Ta ce, “Ke, ya isa. Kin dami mutane da ƙofar wasu. Su sun ɗauko miki shi a gadonsu. Shekara nawa kuna ƙasa ɗaya da shi, wace ƙofar dutse ce ta hana shi kiranki?” Ta ƙara da cewa, “Ke ɗin ma, kin taɓa kiran taki?”

Ina da ɗiyar fari. Tun yaye tana hannun uwar mijina a cikin Gazawa, a lokacin ta zama budurwa. Ni ma “waccan” nake ce mata, ban taɓa ganin aibin hakan ba, haka na taras. Washegari na ɗauki mayafi na tafi gidan. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ta ba ni baya, matan gidan na zazzaune ana tsinkar zogale. Na tsaya a bakin zaure. Wallahi sunan nan ya yi mini nauyi a harshe kamar dutsen niƙa, a nan na san abin da mahaifina ya ɗauka duk tsawon rayuwarsa. Na daure na kira ta. Ba ta waiwayo ba. Na sake kira. Ta ɗaga kai ta dubi matan da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya tana neman mai kiran, domin ba ta san sunanta da muryata ba. Sai a na uku ta juyo, rariya ta suɓuce daga hannunta, ta ce, “Inna, ni?”

Matan suka kama baki. Uwar mijina ta ce, “Lalle, tafiyar nan ta ɗauke miki kunya.” Na ce, “Iya, ta ɗauke mini uba ma.” Yarinyar ta taso tana kakkaɓe gari daga hannunta, ta durƙusa a gabana ta ce, “Na'am.”

Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka san mu, ni ma har yau ina yi wa surukaina. Amma abin da tsibirin nan ya koya mini shi ne, wanda kake so ka kira shi tun kana da numfashin kira, tun yana kusa da zai ji da kunnensa. Ni ubana ya kira ni, na kuma gode wa Allah da ya kira. Sai dai a bakin baƙo na ji.